Makahon malami da littafin baƙaƙe 800,000: yadda Chen Yinke ya yi aiki a Guangzhou

A tsakiyar 1964, a saman wani benen jan bulo da ke harabar Jami'ar Sun Yat-sen a Guangzhou, kudancin ƙasar Sin, wani farfesan tarihi mai shekara 74 ya yi shiftar layin ƙarshe na littafin da ya shafe shekara goma yana fama da shi. Sunansa Chen Yinke. Littafin, Liu Rushi biezhuan, tarihin rayuwar wata mawaƙiya ce ta ƙarni na 17. Ya haura baƙaƙen Sinanci 800,000, kuma an kafa hujja a cikinsa da littattafai sama da 600. Mai littafin bai ga ko layi ɗaya da idonsa ba, domin ya kusa shekara ashirin da makancewa, shekara biyun ƙarshe ma da karyayyen ƙashin cinya ya yi su.

Abin da aka fi faɗa game da wannan aiki shi ne mutumin yana da hadda ta ban mamaki. Gaskiya ne, amma hadda kaɗai ba ta rubuta irin wannan littafi. Tsari ne aka kafa: wani ya nemo littafi, wata ta karanta ta rubuta, wata ta kula da gida da wasiƙu, shi kuma ya riƙe zaren a kansa. Kowane sashe na tsarin yana da inda yake tuntuɓe, kuma tabon tuntuɓen yana nan a jikin littafin.

Jarin da ya tara tun yana gani

An haife shi a Changsha a 1890, a gidan mulki da karatu. Kakansa Chen Baozhen gwamnan lardin Hunan ne da aka tsige a 1898 saboda goyon bayan sauye-sauye. Mahaifinsa Chen Sanli shahararren mawaƙi ne. A irin wannan gida yaro yakan haddace manyan littattafan gargajiya tun bai san ma'anarsu ba. Yana ɗan shekara 12 aka tura shi Japan, daga baya ya yi karatu a Berlin da Zurich da Paris. Ya koyi Sanskrit da Pali, tsofaffin harsunan Indiya, a Harvard wajen Charles Lanman, ya koma Berlin a 1921 ya zauna gaban Heinrich Lüders, ya haɗa da harsunan Tibet da Mongol da Manchu. Duk wannan yawo bai dawo da digiri ko ɗaya ba, bai kuma nema ba. Duk da haka makarantar Tsinghua da ke Beijing, wadda daga baya ta zama jami'a, ta ɗauke shi, ya fara koyarwa a 1926 a cibiyarta ta nazarin ilimin gargajiya, tare da Wang Guowei da Liang Qichao da Zhao Yuanren.

Yadda yake ajiye iliminsa shi ne abin lura a nan. Ba ya tara katuna ko manyan kundaye. A gefen shafin littafin da yake karantawa yake rubuta hashiya da ƙananan baƙaƙe, yana nuna inda wani littafi ya saɓa wa wannan, da fassarar kalma a Sanskrit ko harshen Tibet. In hashiyar ta cika, sai ya kwashe ta ta zama maƙala. Ke nan littafinsa na karatu shi ne rumbunsa. Ga mai gani, wannan hanya ba ta da na biyu wajen sauri. Aibinta ɗaya ne: kwafi guda ne, in ya ɓata shi ke nan.

Haka kuwa aka yi. A 1937 sojojin Japan suka mamaye Beijing, mahaifinsa ya ƙi ci ya ƙi sha har ya rasu. Ana cikin zaman makoki tantanin bayan idonsa na dama, wanda ke karɓar haske, ya ɗaye. Tiyata na buƙatar doguwar jinya a garin da abokan gaba ke riƙe da shi, sai ya zaɓi ficewa, idon ya tafi. Littattafan da ya aika Changsha ta gidan waya sun ƙone a gobarar da ta cinye garin a Nuwamban 1938. Akwatuna biyu na littattafan da ya cika da hashiya kuwa, da ya yi lodinsu a jirgin ƙasan da ke tashi daga Vietnam zuwa Yunnan, da aka buɗe su sai aka tarar da bulo. Da ido ɗaya, cikin gudun hijira, ya rubuta littattafansa biyu kan tsarin mulkin daulolin Sui da Tang, waɗanda har yau su ne ƙofar shiga wannan fanni. Oxford ta ba shi kujerar farfesa a 1939, yaƙi ya tare shi a Hong Kong. A Disamban 1944, a Chengdu, idon hagu ya bi sahun na dama. An yi tiyata a can ba ta yi ba, an sake yi a Landan a hannun Stewart Duke-Elder, nan ma ba a dace ba. Ya ajiye kujerar Oxford ya koma Tsinghua a 1946, abin da ya rage masa bai wuce bambance haske da duhu da inuwar abu ba.

A Disamban 1948 ya bar Beijing a jirgin sama, a Janairun 1949 ya sauka Jami'ar Lingnan a Guangzhou. Bai ƙetara Taiwan ba, inda wasu suka gudu da 'yan Kwaminis suka karɓi mulki. A 1952 aka haɗe Lingnan da Jami'ar Sun Yat-sen, ya ci gaba da zama a harabar.

Wa ke yin me

A ƙarshen 1952 Huang Xuan ta fara yi masa aiki. Matar wani likita ce, maƙwabciyarsu, 'yar attajiri daga Xiamen, wadda ta sami karatun gargajiya mai zurfi a gida amma ba ta da takardar jami'a. Wannan ya fi masa amfani fiye da digiri. Tsofaffin littattafan Sin ba su da aya ba su da waƙafi, baƙaƙe ne jere daga sama zuwa ƙasa, mai karatu shi zai san inda jimla ta tsaya. Wanda ya tsaya a inda ba nan ba ya canja ma'ana, kuma makaho mai sauraro ba shi da shafin da zai duba ya gyara masa, sai dai in ya haddace wurin ko kunnensa ya ji abin bai zauna ba.

Da safe take zuwa, su yi aiki har tsakar rana. Abin da zai faɗa tun cikin dare ya tsara shi a kansa, ya kwana da shi, wani lokaci ya hana shi barci don tsoron kada ya suɓuce kafin gari ya waye. Idan ta zauna, sai ya ce a ɗauko littafi kaza, juzu'i kaza. Ta karanta, ya saurara, ya ce a kwafe daga nan zuwa nan. Sannan ya yi shiftar nasa sharhin. Ta maimaita masa abin da ta rubuta, ya gyara, washegari ya sake gyarawa in dare ya kawo masa wani tunani.

Littafin da babu a gida, Zhou Liankuan, masanin ɗakunan karatu a jami'ar, shi ke farauto shi. Wanda babu a Guangzhou gaba ɗaya, sai a rubuta wa abokai da tsofaffin ɗalibai, musamman Jiang Tianshu na Jami'ar Fudan a Shanghai, su nemo ko su kwafo da hannu su aiko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin labarin da ake bincike a yankin Jiangnan ya faru, wajejen Suzhou da Songjiang da Changshu da Hangzhou, fiye da kilomita dubu daga inda yake zaune, kuma a can tsofaffin kwafe-kwafen suke. Matarsa Tang Yun, duk da ciwon zuciyar da take fama da shi, ita ke rubuta wasiƙu, ita ke kwafe waƙoƙinsa, ita ce mai tsaron ƙofa.

Hukuma ma ta sa hannu. An shimfiɗa masa farar hanyar siminti a ƙofar gida don ɗan hasken da yake gani ya ishe shi bin ta ya motsa ƙafa. Ajinsa a barandar bene yake yi, Huang Xuan na rubutu a allo. Tao Zhu, shugaban jam'iyyar Kwaminis mai mulki a lardin Guangdong, inda Guangzhou take, shi ne babban bangon da ya jingina da shi.

Shifta a Sinanci tana da tata wahala. Sauti ɗaya yana ɗaukar baƙaƙe da yawa. Kalmar shi, da karin sauti iri ɗaya, tana iya zama "haka ne", ko "al'amari", ko "zamani", ko "kasuwa", kowanne da baƙinsa dabam. A hirar yau da kullum mahalli yakan warware, amma a sunayen mutane da tsofaffin baitoci dole mai shifta ya tsaya ya ce baƙin da ke cikin kalma kaza yake nufi. Ga kuma karin harshe: shi bakin Hunan gare shi, ita 'yar Fujian ce, da farko da ƙyar take kama maganarsa. Sai da aka ɗau lokaci kafin kunne ya saba. Shi ya sa a 1954, da iyalinta suka koma cikin gari ta nemi ta ajiye aikin, ya roƙe ta ta zauna, domin samun wani da horar da shi yana nufin aikin ya tsaya cik. Ta ci gaba da shigowa a bas, har 1966.

Neman mace ɗaya cikin dubban baitoci

Liu Rushi (1618 zuwa 1664) ta tashi ne a gidajen nishaɗin da manyan masu karatu ke zuwa, inda ake koya wa 'yan mata waƙa da zane da kiɗa. Ta yi soyayya da mawaƙi Chen Zilong, sannan a 1641 ta auri Qian Qianyi, jagoran adabi na zamaninsa, wanda ya girme ta da shekara 36. Da sojojin Manchu suka isa Nanjing a 1645, ta ce masa su mutu tare da daular Ming da ke rushewa. Ya ƙi, ya miƙa wuya, ya riƙe wa sababbin sarakuna muƙami na 'yan watanni. Bayan rasuwarsa a 1664 danginsa suka taso mata a kan dukiya, ta rataye kanta. Chen Yinke ya ce abin da ya sa masa ƙwayar wannan bincike a rai shi ne wani jan ɗan itace da ya saya a hannun mai sayar da tsofaffin littattafai a Kunming lokacin yaƙi, wanda aka tsinto daga tsohon lambun Qian, ya ajiye shi shekara da shekaru.

Matsalar ita ce tarihin hukuma ba ya kula irin wannan mata. Abin da ya rage waƙoƙi ne, nata da na mazan da suka kewaye ta, da wasiƙu, da kundayen tarihin gundumomi, da tsegumin da aka rubuta daga baya. Hanyar Chen ita ce ya mai da waƙa shaidar tarihi, kuma yana bin ta hawa-hawa.

Da farko suna. Mai ilimi a lokacin yana da sunan yanka, da sunan girma, da laƙabobi. Qian shi ne Shouzhi, shi ne Muzhai, shi ne Mengsou. Ita kuwa asalin sunan gidansu Yang, an kira ta Yang Ai, da Yinglian, da Liu Yin, da Liu Shi, da Hedong jun. Mawaƙan ba sa ambaton ta kai tsaye, sai su saka baƙi ɗaya na sunanta cikin baiti. Chen ya ware babi guda don wannan, har ya kai ga cewa tana da wani tsohon suna, Yunjuan. Ga tarkon: Yang da Liu duka sunayen itace ne na dangi ɗaya, mai rassa masu lilo a bakin ruwa, wanda mawaƙan Sin suka fi shekara dubu suna yi wa waƙa. Wanda ya ɗauki duk baitin da ya ambaci itacen a matsayin zancenta zai gan ta ko'ina, har inda ba ta taɓa takawa ba.

Maganin tarkon shi ne lokaci da wuri. Sai an tabbatar da shekara da watan da aka yi waƙar, da inda mawaƙin yake a lokacin, da inda ita take. A nan ma akwai rami. Ana ƙirga shekaru da sarautar sarki ne, shekara ta 13 ta sarautar Chongzhen ita ce 1640, amma watanta na 12 a farkon 1641 ya faɗo. Kalandar ta wata ce, sai dai ba kamar ta Hijira ba, ana cusa mata wata na 13 lokaci-lokaci don ta daidaita da rana, kuma wanda ya manta da wannan wata zai sa mutum a gari biyu a lokaci guda. Shekarun haihuwa ma da ɗaya ake fara ƙirga su tun ranar haihuwa. Da irin wannan lissafi ya nuna cewa ita da Chen Zilong sun zauna tare a Songjiang a farkon rabin 1635, abin da iyalin mawaƙin da masu rubuta tarihinsa suka yi shiru a kai.

Sannan ma'ana. Chen ya raba ishara gida biyu: tsohuwa, wato labari ko baitin da mawaƙi ya aro daga magabata, da ta yanzu, wato abin da ke faruwa a ranar da yake nufi da aron. Masu sharhi sun saba tsayawa a ta farko. A wajensa wanda bai gano ta biyu ba bai karanta waƙar ba.

Na ƙarshe, tuhumar shaidu. Wanda ya yi wa waƙoƙin Qian sharhi mafi shahara shi ne danginsa kuma almajirinsa Qian Zeng, wanda yana cikin mutanen da suka matsa wa Liu har ta mutu. Saboda haka shirunsa a kan baitocin da suka shafe ta ba hujja ba ce cewa ba ita ake nufi ba. Ƙari a kan haka, a 1769 sarki Qianlong na daular Manchu ya haramta littattafan Qian, aka riƙa kankare sunansa daga allunan buga littafi, ana canja kalmomin da ke zagin Manchu. Mai gani yakan lura da gurbin da aka kankare da kallo ɗaya. Mai sauraro sai in mai karatu ta ce masa a nan akwai fili, ko a karanta masa bugu biyu ɗaya bayan ɗaya ya gwama su a kansa. Da wannan haƙuri ya gina babi na biyar, inda ya nuna cewa bayan Qian ya bar muƙami shi da matarsa sun yi wa masu neman dawo da Ming aiki a ɓoye, har zuwa harin da Zheng Chenggong, jagoran mayaƙan da ke goyon bayan Ming, ya kawo ta kogin Yangtze a 1659.

Duk wanda ya buɗe littafin zai ga sawun wannan yanayi. Ana kawo nassi dogo cikakke, wani lokaci shafi da shafi, sannan a sa alamar "Yinke ya ce" a biyo da sharhi. Tsohuwar al'adar masu tantance nassi ce, kuma tun yana gani haka yake rubutu, amma a nan ta yi ƙiba. Marubucin da ba zai iya waiwayar shafi na 200 ya ga me ya riga ya faɗa ba dole ya maimaita, dole ya bi reshe ya daɗe kafin ya dawo gindi. Masu cewa littafin ya yi tsawo, ya yi rassa, ba su yi ƙarya ba. Wasu wuraren ma zato ne aka ɗora a kan zato, musamman wajen farautar sunaye a baitoci. Abin da ya cece shi shi ne nassin yana gaban mai karatu cikakke, zai iya ƙin yarda da sharhin, kuma Chen da kansa yakan rufe magana da cewa wannan sai an ƙara bincike.

Abin da ya tsayar da aikin

A ƙarshen 1953 Kwalejin Kimiyya ta Sin ta aiko tsohon ɗalibinsa Wang Jian da tayin ya koma Beijing ya shugabanci cibiyar tarihin tsakiyar zamani. Ya gindaya sharaɗi biyu: kada a ɗora wa cibiyar aƙidar Markisanci ko karatun siyasa, kuma ɗaya daga cikin manyan shugabannin ƙasar, Mao Zedong ko Liu Shaoqi, ya ba shi takardar amincewa da hakan a rubuce. Ya kafa hujja da kalmomin da ya rubuta a 1929 a dutsen tunawa da Wang Guowei, kan 'yancin kai na ruhi da 'yancin tunani. Maganar ta mutu a nan. A daidai wannan lokaci ya gama wani nazari kan wata marubuciya ta ƙarni na 18, Chen Duansheng, wanda da kuɗinsa aka gurza shi a inji, kwafi ya tsallaka Hong Kong aka buga a can.

A 1958 aka taso da gangamin fifita zamani a kan da, ɗalibai suka cika bango da manyan takardun suka. Ya daina koyarwa, bai sake shiga aji ba. Wannan ya raba shi da ɗalibai, amma bai taɓa aikin safe ba. A Yulin 1962 ya zame a banɗaki ƙashin cinyarsa ta dama ya karye, ya yi wata shida zuwa bakwai a asibiti, bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Tao Zhu ya sa aka ba shi nas uku. Shifta ta ci gaba. A shekarar ce ya shaida wa Hu Qiaomu, wani babba a jam'iyya da ya ziyarce shi, cewa ranar rufe akwatin gawarsa ta matso amma ranar buga littattafansa babu ita. A 1964 ya damƙa wa Jiang Tianshu amanar rubuce-rubucensa.

Makanta ba ta tsayar da shi ba, karaya ma haka. A 1966, da Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke, gangamin da Mao ya tayar wanda ya auka wa malamai da tsofaffin al'adu, aka kori Huang Xuan daga gidan, aka janye nas-nas, aka riƙe albashi da ajiyar banki, aka kwashe takardu. Tao Zhu da kansa ya faɗi a farkon 1967. Aka kafa lasifikoki kewaye da gidan mutumin da kunne kaɗai ya rage masa. Tarihin danginsa da ya fara shifta bayan babban littafin bai kammalu ba, wani sashensa ya ɓata a hannun waɗanda suka kwashe. A farkon 1969 aka fitar da su daga benen zuwa wani ƙaramin gida. Ya rasu ranar 7 ga Oktoba, Tang Yun ta bi shi bayan kwana 45.

Jiang Tianshu ya cika alkawari. Littafin ya fito a Shanghai a 1980 cikin juzu'i uku, da tsofaffin baƙaƙe, layi daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda mai shi ya so. A 2003 aka binne tokarsa da ta matarsa a lambun tsirrai na dutsen Lushan, a lardin Jiangxi, asalin danginsa.

Bayanin hanyar aikinsa ne bai samu yadda ya so ba. Huang Xuan ta ba da labarin cewa a wata ziyara da ta kai masa a shekarunsa na ƙarshe, ya ce mata babu wanda ya san yadda yake bincike kamarta, in ya mutu ta rubuta. A lokacin rubuta irin wannan abu jawo wa kai bala'i ne. Ta ba shi haƙuri, ta ce ba ta koyi abin ba. Ya amsa da murya ƙasa-ƙasa cewa hakan ya fi, ta tsira daga gubarsa.